Baffan Cikin Kwamfuta

Ni ɗan Aliero ne, kuma duk wanda ya san garinmu ya san da albasa aka rene mu, da ita aka yi wa iyayenmu aure. To ni dai Allah bai ba ni hannunta ba. In aka ba ni fangali in yi dashe, kafin sati ya zagayo rabinsa ya kwanta. Babana yakan tsaya ya dube ni, ya dubi fangalin, ya girgiza kai ya ce lalle albasa ba ta yi halin ruwa ba. Da ya gaji ya sallama ni ga boko. Haka na je Sakkwato na koyo aikin kwamfuta, aka turo ni wani ofishin aikin gona a Jega, a shekarun ƙarshe na zamanmu cikin Jihar Sakkwato. Na'ura ɗaya ce a ofishin, ni kaɗai na iya taɓa ta, don haka ina tafiya ina hura hanci kamar ni na ƙera ta.

Wanda ya sauke mini wannan girman kai maƙwabcinmu ne, malamin lissafi a wata sakandare ta Aliero. Mutumin Binuwai ne, Kirista, dogo, mai dariyar da ake ji daga bayan katanga. Duk unguwa Ticha muke ce masa, matarsa kuma Madam, tela ce. 'Ya'yansu a Aliero aka haife su, in suna faɗa da yaran gidanmu ba ka bambance bakin wane da wane. Wata rana na shiga gaishe shi na tarar ya jona wata 'yar na'ura da talabijin, ga rakoda a gefe tana kuka kamar gyare. Na ce Ticha, wane irin kiɗa ne wannan? Ya ce, "Injiniya, ashe ba ka gane 'yar'uwar ta ofishinku ba?" Kwamfuta ce tasa ta kansa, a kaset take ajiye aiki, irin kaset ɗin da muke sauraron waƙa. Tun ranar yake kirana Injiniya, kuma na sani sarai tsiya yake mini.

Abin da yake ginawa a cikinta shi ya haɗa mu. Wani furogiram ne, abin da yaran yanzu ke kira manhaja, wanda ɗan koyo zai shiga ciki ya rubuta nasa ƙaramin furogiram, a nuna masa inda ya yi kuskure da harshen da zai gane, ya gyara, ya ga aikinsa yana tafiya, sannan ya ajiye. Muka sa masa suna Allo. Shi ke da kan lissafi, ni ke da saurin hannu da yawan magana, aiki ya yi daɗi.

Ana nan sai ga labari daga Sakkwato. A lokacin, malaman da ba 'yan jiha ba bisa kwantaragi suke aiki, kuma aka ce bana ba kowa za a sabunta wa ba. Shugaban makarantarsu yana son Ticha, sai ya rubuta cewa mutumin nan ya iya koyar da kwamfuta. Amsa ta dawo: an kai na'ura wata makaranta a Maiyama, sufeto zai zo da bazara, Ticha ya je can ya nuna abin da ya iya. In ya gamsar, ya zauna. In bai gamsar ba, sai a nemi motar da za ta kwashe keken ɗinkin Madam da yara zuwa Binuwai, garin da yaran ba su sani ba sai a baki. Ranar da ya gaya mini yana dariya, amma na lura Madam ta daina karɓar ɗinki mai nisan alkawari. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban iya tunanin unguwar nan babu su ba.

Direban ofishinmu ya taɓa ganin na'urar ta Maiyama. Ya ce irin tamu ce sak, mai cin faifai, sai dai tamu baki ɗaya gare ta, waccan biyu. Ke nan dole Allo ya tashi daga kaset ya koma faifai. Kuma dole ya ci gaba da aiki a kaset ɗin ma, don Ticha a gida yake gyare-gyarensa, ni kuwa ba na samun ta ofis sai an tashi aiki da la'asar. Abin da ya gyara, ya rubuto a takarda, ya hau babur ya kawo mini Jega in buga. Na bugi ƙirji na ce wannan ai shan ruwa ne.

Ina! Da na buɗe Allo sai na tarar maganar kaset ta watsu cikinsa ko'ina, kamar an zubar da gero cikin yashi. Wurin ajiyewa akwai ta, wurin ɗaukowa akwai ta, wurin nuna kuskure ma akwai ta, har da inda ba ta da dalilin zama. In na tsince nan, sai ta ɓullo can. Na gama tsincewa da ƙyar, jibi Ticha ya iso da sabon gyara cike da kaset, mu koma gidan jiya. Wata la'asar zuciya ta ɗebe ni na yi jifa da takardun, na ce masa wallahi wanda ya rubuta wannan abu bai taɓa share ɗakinsa ba. Ya tsuguna yana tsince takardunsa a hankali, ya ce, "To mai shara, kawo tsintsiya mu gani." Ba ni da tsintsiya, sai huci.

Ƙarshen satin na je gida, lokacin ana cirar albasa. A gidanmu ƙanen babana, Baffa, shi ke riƙe da ajiya. Akwai rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa daga ƙasa a shimfiɗa albasa ta sha iska, akwai zaure, akwai wani ɗaki a baya. Amma ko babana ba ya shiga ya zuba da kansa. Kowa ya kawo kayansa bakin ƙofa zai tsaya ya ce, "Baffa, ga ajiya." In yana so ya ce, "Baffa, kawo mani tawa." Ko a rudu take, ko a zaure, ko an sauya mata wuri saboda zafi, ba ruwan mai kaya. Abin da nake gani tun ina yawo ba wando, amma sai ranar ya shiga kaina. Na saki buhun da nake riƙe da bakinsa, albasa ta tarwatse, na tsallaka gidan Ticha a guje babana yana bina da zagi.

Na ce masa Allo ya daina taɓa kaset, ya daina taɓa faifai, har abada. Mu gina masa mai ajiya guda ɗaya, ƙofa guda. Duk abin da Allo ke so ya faɗa wa mai ajiyar, shi kuma ya san inda zai kai. Na'urarka tana da nata mai ajiya da ya san kaset, ta ofis tana da nata da ya san faifai, amma kiransu iri ɗaya, amsarsu iri ɗaya. Jikin Allo kuwa ba ya canzawa ko harafi, duk inda aka kai shi. Ticha ya sosa gemu, ya ce, "Baffa ke nan." Sunan ya zauna. Har muka gama, wancan yanki na furogiram Baffa muke ce masa, shi kuwa Baffa na gaske bai san an sa shi cikin na'ura ba.

Faɗin abu ya fi yinsa sauƙi. Sai da muka sha gardama a kan abin da za a yarda Allo ya roƙa. Ni ina son a ba shi dama ya ce a buɗe fayil a tsakiya, a ciro layi kaza kawai, don faifai ya iya wannan cikin ƙiftawar ido. Ticha ya ce kaset fa? Kaset daga farko yake farawa ya bi a hankali, bai san tsallake ba. Na ce to don kasetinka gurgu ne sai a ɗaure wa faifaina ƙafa? Ya ce in ayari ya haɗa doki da jaki, tafiyar jaki ake yi, in ba haka ba ayari biyu ne. Na ji haushi, amma gaskiyarsa. Muka tsaya a kan buƙatu kaɗan da kowa zai iya: ajiye wannan gaba ɗaya da suna kaza, kawo mini kaza gaba ɗaya, faɗa mini abin da ke wurinka, zubar da kaza. Suna ma muka ce gajere, wanda faifai zai ɗauka, don a nan kuma faifai ne jakin. Maganar a danna maɓallin rakoda, ko a mayar da kaset baya, wannan tsakanin Baffan kaset ne da mai zaune gaban na'ura, Allo bai ma san ana yi ba.

Da muka kwashe tarkacen nan muka tara wuri ɗaya, Allo ya yi sakayau. Ticha ya kawo gyara, in buga yadda yake, ya tafi daidai. Na koma hura hancina.

Rannan a ofis na ce masa ya gwada duk yadda ya ga dama, Baffana ba ya kunyata ni. Ya zauna ya rubuta 'yan layuka. Ashe mugun ya zare faifan ya sa aljihu ban gani ba. Ya ba da umarnin ajiya, Baffa ya amsa, "An ajiye." Ya ce a kawo, shiru, babu komai. Ya zaro faifan daga aljihu yana kaɗa shi a gaban hancina, yana dariya har da riƙe ciki.

"Injiniya, a ina aka ajiye? A iska?"

Ni kuwa da gangan na yi shi haka. Saƙon kuskuren na'urar da Turanci yake fitowa, mai tsawa, da lambobi, irin wanda zai sa ɗan koyo ya janye hannu ya ƙi sake taɓawa. Sai na sa Baffa ya haɗiye duk wani kuskure ya amsa da fara'a. Na ce wa Ticha a garinmu ba a kawo maka ajiya ka ce ba wuri, abin kunya ne. Ka taɓa jin Baffanmu na gida ya mayar da wani da kayansa? Bara ma da mutanen Kimba suka kawo rudu ya cika, a ɗakin kwanansa ya zuba tasu, shi ya koma tsakar gida, matarsa ta yi wata tana mita wai har zanenta warin albasa yake.

Ticha ya ce, "Tsaya nan. A ɗakinsa ya zuba, ba a iska ba. Naka kuwa karɓa ya yi ya watsar, ya ce an ajiye."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Kuma ban gama ba. Doyar da aka aiko mini daga gida, wa na kai wa? Baffa. Ya karɓa da hannu biyu, amma kafin in juya ya ce, Malam, ba ni da wurin da ya dace da wagga doya, tana ƙarƙashin gadona, kada ka daɗe ba ka ɗauka ba. Karɓa ya yi, kuma ya faɗa mini gaskiya. Kai rabin Baffa ka sani."

Kai, na ji zafin maganar nan! Mutumin Binuwai yana koya mini halin ƙanen ubana. Na ce to shi ke nan, ka je ka zama ɗansa. Muka yi ta musu har masinja ya zo rufe ofis ya same mu kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. A kan babur, yana tuƙi ina baya, muka ƙarasa faɗan, kafin mu shiga Aliero mun shirya. Baffan na'ura zai yi duka biyun. In ma'aji, wato faifai ko kaset, ya ƙi karɓa, ba zai watsar ba, zai riƙe aikin a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, wato ɗakinsa. Kuma zai faɗa a fili, da Hausa, ba tsawa. Ticha ya ƙara da cewa ko ma'aji ya karɓa, Baffa ya sake karantowa ya tabbatar kafin ya buɗe baki ya ce an ajiye. Na ce wannan ɓata lokaci ne. Ya ce lokacin nasa ne, kwantaragin ma nasa ne. Haka na rubuta shi.

Ranar Maiyama zafi ya kai zafi. Muka isa da hantsi, Ticha cikin farar riga da Madam ta ɗinka masa, ni kuma riƙe da faifan Allo cikin littafi don kada ya lanƙwashe. Na manna masa 'yar takardar nan da ake mannawa a gefe don hana a rubuta komai a kansa. Shirinmu, bakin sama ya ɗauki faifan Allo, bakin ƙasa ya ɗauki sabon faifai na ajiyar aiki. Mun so mu gwada na'urar tun da wuri, amma mai makullin sito ya tafi Giwa Tazo ta'aziyya, bai dawo ba sai da motar sufeto ta tsaya. A gaban idonsa aka fito da ita daga kwali, aka tada ɗan janareta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sufeton dattijo ne, Basakkwace, mai farin gemu da tabarau, ba ya dariya da wuri. Allo ya tashi lafiya, na yi hamdala a zuci. Ticha ya fara bayani, dattijon ya katse shi.

"Malam, ba lacca niz zo ji ba. In koyarwa ka iya, koya mani."

Ya ja kujera ya zauna gaban na'ura. Ticha ya tsaya a bayansa yana nuna masa, shi kuma yana bugawa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsagar hatsi. Ya yi kuskure, Allo ya gaya masa da Hausa inda ya karkace, ya gyara. Can sai ga jadawalin sau bakwai yana gangarowa a gilashi, aikin hannunsa. Malaman da suka taru suka yi tafi. Fuskar dattijo ta ɗan saki, ya ce a ajiye masa wannan, yana so ya sake gani.

Na tura sabon faifai bakin ƙasa. Ya shiga rabi ya cije. Na ƙara turawa, na ji wani ƙuras, sai ga garin ƙasa yana zubowa. Na leƙa. Zanzaro! Ya bi ta hujin kwali ya gina gidansa na laka a cikin bakin na'ura, har da ɗakuna. Kafin in ce a dakata, sufeto ya riga ya danna. Na dubi Ticha, zufa ta jiƙe farar rigar har baya.

Na'ura ta yi gurnani, ta yi shiru, sannan rubutu ya fito: "Ma'aji bai karɓa ba. Aikinka yana wurina, bai ɓata ba. Kada a kashe wuta sai an samo wani wuri."

Dattijo ya gyara tabarau ya karanta a bayyane, kalma kalma. Ya juyo.

"Wa ak wanga mai magana?"

Ticha ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ajiya ne. Baffa muke ce masa."

A daidai nan janareta ya yi tari. Wallahi ban san sanda na yi tsalle ba. Na zare faifan Allo daga bakin sama, na ɓanɓare takardar da farce, na mayar. Ticha ya gaya wa Baffa ya koma bakin sama, kalma ɗaya ce, Allo bai ma san an sauya ɗaki ba. Faifai ya juya, ya sake juyawa don tabbatarwar nan da na kira ɓata lokaci, ni kuwa ina ji kamar in tura shi da hannu. Rubutu ya fito: "An ajiye. Na duba, yana nan."

Sufeto ya ce, "To kashe ta."

Ticha ya kashe. Gilashi ya yi baƙi. Ya kunna, ya ce a kawo, sai ga jadawalin dattijo ya dawo, babu abin da ya ragu. A nan ne ya yi dariya, har tabarau na zamewa. Ya ce shekara da shekaru yana yawon makarantu, in abu ya lalace kowa ce masa yake lafiya lau, yau ga na'ura ta faɗa masa gaskiya ba a tambaye ta ba. Ya nemi a ciro masa gidan zanzaron, ya naɗe a hankici wai zai kai Sakkwato a gani. Bai ce komai a kan kwantaragi ba, ya shiga mota ya tafi.

Jiran ya fi ranar wuya. Duk sanda na dawo daga Jega sai na leƙa gidansu, Madam ta girgiza kai tun kafin in tambaya. Damina ta faɗi ba labari. Sai wata safiya na ji guɗa daga bayan katanga, ga Madam ta fito ba ɗankwali tana rawa a tsakar gidanmu, matan gida suka taya ta ba su ma san dalili ba tukuna. An sabunta. Na rungume Ticha, na ce masa ai aikina ne. Ya ce ƙwarai, kai da zanzaro.

Da yamma ya sa hula ya shigo zaure wurin babana, ya durƙusa ya gaishe shi. Na zaci godiya ya zo yi. Sai na ji ya ce yana roƙon a ba shi ɗan wuri a fadama, ko fangali biyu, yana so ya gwada albasa bana. Shekarunsa da yawa a Aliero bai taɓa shuka ko barkono a bayan ɗaki ba, don bai taɓa sanin ko zai kai lokacin girbi ba. Babana ya dube shi, ya ce, "Malam, tashi. Gobe in munka yi sallar asuba ka same ni bakin hanya, in nuna maka naka."

Albasar Ticha ba ta yi kyau ba, ƙanana ne, tawa ma ta fi ta, kuma ban fasa gaya masa ba. Amma shi ya dasa ta, shi ya yi mata ban ruwa, kuma da lokaci ya yi shi ya cire ta da hannunsa, 'ya'yansa na bin bayansa da kwando.